Gammo: littafin aikin rigunan mata shida a Nima

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Aikin rigunan ya tsaya tun ranar 2 ga wata da Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Akra, ta ƙone. Cikin dare wutar ta tashi, kafin gari ya waye ta cinye mafi yawan kasuwar, rumfuna dubbai. Matar da nake sayen rarar gwanjo a wurinta ko tsinke ba ta fitar ba. Na je mata jaje, bakina bai iya ɗauko zancen ƙyalle ba.

Ga wanda bai san abin da nake ciki ba: ni tela ce a unguwar Nima da ke Akra, ɗinkin mata nake yi, yayin aure da na suna da kayan Sallah. Tun ƙarshen bara na soma wani aiki na daban, riguna shida, kowace ta mace ɗaya ce da ta yarda ta faɗa mini ciwon da take ɗauke da shi, ta kuma ba ni zanenta guda wanda ta taɓa ɗaurawa. Abin da zanen bai kai ba in cike da gwanjon da kasuwa ta ƙi. Kamar yadda ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta, tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa Kantamanto kowane mako, wajen kashi 40 cikin ɗari kuma bola suke tafiya. Na sa wa aikin suna Gammo, don haƙurin da ake ba mata kamar gammo yake: ba ya rage nauyin kaya, yana dai sa a iya kai su inda aka aike ki.

Tef ɗin awo ne ya kawo ni nan. Mace in ta tsaya a gaban tela, jikinta yana faɗin abin da bakinta ya ɓoye. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Tabo a gadon baya. Wadda za ta ce, "Madam, ki sa hannun ya sauko ya rufe nan," ba ta kalle ki ba. Wadda ke son a saki ƙugu sosai don kada a gane har yanzu babu ciki. Shekara da shekaru sana'ata ita ce in rufe waɗannan da kyau, kuma na iya. Yanzu ina so in ɗinka rigar da za ta faɗe su, da yardar masu su.

Ranar Talata aka rantsar da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang, mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasar Ghana. 'Yan koyona har guɗa suka yi a shago, ni ma na ji daɗi. A makon nan ɗin kuma 'yan kayayo, 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwa, ba su da dilar ɗauka, wanda ke nufin ba su da na abinci.

Laraba, 29 ga Janairu

'Yan kasuwa sun soma tayar da rumfuna da katako sabo, ƙyalle ya fara samuwa. Na koma kan riga ta farko.

Mai ita 'yar kayayo ce, yarinya daga wajen Walewale a Arewacin Ghana, ba ta kai ashirin ba, tana kwana a Old Fadama cikin ɗakin katako da 'yan garinsu. Dilar gwanjo kilo 55 ce, wani lokaci nauyin ya yi daidai da na mai ɗaukarsa. Da na zo auna wuyanta sai ta ɗan janye. Ta ce in ta kwanta, ciwon daga ƙeya yake saukowa har yatsun hannu, su yi sanyi kamar ba nata ba. Hotunan ƙashi da Or Foundation ta sa aka ɗauki 'yan kayayo sun nuna abin da take faɗa, ƙashin baya da na wuya da suka lalace tun ana ƙuruciya.

Zanen da na fara yi a takarda doguwar riga ce mai tulin gammo a wuya, da tsummoki masu launin toka. Ta duba ta daɗe, sannan ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Madam, wannan kayan aiki ne. In mutane za su kalle ni, ki yi mini wadda zan iya zuwa gida da ita."

Maganarta ce ta zama tsarin rigar. Gammon da ta ba ni, tsohon zane ne da ya sha naɗi har ya yi laushi, na warware shi na yanka shi falle-falle, na haɗa da rigunan maza na auduga masu shuɗi da ruwan ƙwai, siket ɗin ya buɗe sosai daga ƙugu zuwa ƙasa. Wuya kuwa na bar shi fili, babu komai a kansa, ko sarƙa. Ba ɗaurin kallabi, mayafi ne marar nauyi. A baya kaɗai labarin yake: ƙasusuwan wuya bakwai da surfanin zare ruwan zinare, daga nan layin ya gangara yana karkacewa daidai yadda bayanta ya karkace. Da alli na bi ƙashin a jikin rigar tana sanye da ita.

Na gwada saka wandon jins a ƙasan siket, yana karya allura kuma yana ja da nauyi, na cire. Rigar nan dole ta fi duk sauran sauƙi a jiki. Duk ranar da ta zo gwaji ina biyanta abin da za ta samu a kasuwa, don wuninta kuɗi ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Magajiya, shugabar matan unguwa, ta tara mata a tsakar gidanta bayan la'asar don in yi bayani, tunda magana ta soma yawo a unguwa.

Wata Hajiya ce ta fara. "'Yata, wannan ba tonon asiri ba ne? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na ce, "Hajiya, gaskiyarku. Amma ku duba, asirin wa muke rufewa? Wadda aka cuta, ko wanda ya yi cutar?" Wata ɗiyar maƙwabta da ke karatu a jami'ar Legon ta ce abin da nake yi feminizim ne, kuma bai kamata a ji kunyar faɗa ba. Nan wuri ya ɗau zafi. A kunnen iyayenmu wannan aƙidar Turawa ce ta raba aure da raina miji.

Ni ba na gudun a kira ni mai rajin haƙƙin mata, don shi nake yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce daga waje aka kawo mana. Na tuna musu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa dattijai mata a matsayin jaji, su shiga ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu. Alamar naɗin kuwa tufa ce, malfa da jan rawani. Ke nan tun a wancan zamani an san abin da mace ta sa a ka yana iya cewa a saurare ta. Magajiya ta ce a bar yarinya ta yi aikinta, da sharaɗin kada a ambaci sunan mijin kowa ko gidan kowa. Na karɓa, dama ba ni da niyya.

Da aka watse, wata Mma da ba ta ce uffan ba ta tsaya. Mijinta ya rasu shekarun baya. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ranar da ta fita ta tarar dangin miji sun riga sun raba ɗakunan haya a tsakaninsu. Tana da 'ya'ya da shi, saboda haka tumuni ne rabonta, kashi ɗaya cikin takwas, Alƙur'ani ne ya yanka mata. Dokar gado ta ƙasa, PNDC 111 ta 1985, ita ma ta ba matar mamaci rabo. Ko ta nan ko ta can ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne "ki yi haƙuri, kada ki ɓata zumuncin 'ya'yanki."

Washegari ta aiko jikarta da zanen da ta yi takaba da shi, a naɗe cikin leda. Zan yanka rigar gida takwas. Bakwai daga zanen nan, yadda yake a koɗe. Na takwas shadda ce mai kyau, cike da surfani, a gaba, inda ido zai fara sauka. A bakin kalmasa za a yi ƙulli 130, kwanakin takaba. Ta ce, "Ɗiyata, waɗannan ni zan ƙulla da hannuna."

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya shiga, ɗinkin Sallah ya cika shago, ga ɗauke wuta. Na naɗe Gammo na sa a akwati sai bayan Sallah. Kuɗin ɗinkin nan ne ke ɗaukar nauyin aikin, ba mai ba ni ko sidi ɗaya. Mma tana ta ƙullinta a gida.

Asabar, 19 ga Afrilu

Riga ta uku ta fi ba ni wuya, a zuciya da kuma a tukunyar rini.

Mai ita tana sayar da koko da ƙosai a Mamobi, mace mai fara'a, ba wanda zai ce ta taɓa ganin abin da ta gani. Tana 'yar shekara goma sha bakwai a ƙauye ta yi doguwar naƙuda, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Yadda abin ke faruwa, kan jariri ne ke danne naman uwa a jikin ƙashin ƙugu na tsawon lokaci, jini ya daina kaiwa, wurin ya mutu ya huje tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Ba maita ba ce, ba kuma alhakin wani ba ne. Rashin kaiwa ga tiyata a kan lokaci ne. Binciken hukumar lafiya ta ƙasa na 2015 ya ce mata kusan 1,300 ke kamuwa kowace shekara a Ghana, waɗanda ake yi wa gyara kuwa ba su kai ɗari ba. Ita ta yi sa'a, bayan shekaru aka yi mata aiki a Tamale ta warke.

Da na tambaye ta abin da ta fi tunawa, ba ta ce zafi ba. Ta ce wanki. Wankin tsumma cikin dare, shanya a cikin ɗaki don kada a gani, tabarmar da ba mai zama kusa da ita, bikin ƙanwarta da ta ji kiɗansa daga bayan gida. Da shakkar da ke cinta kullum, ko sallarta ta karɓu. Sai da ta girma wani malami ya gaya mata mai lalura irin tata sallarta tana nan daram. Ta ce da an faɗa mata tun farko, da rabin kukan bai zuba ba.

Abin da ta roƙa ɗaya ne: fari. Fari tas, irin wanda shekaru ba ta isa ta sa ba. Saboda haka waje farin leshi ne, babu ɗigon komai. Zanenta ya koma shafi daga ciki, tare da farar auduga da nake rinawa layi-layi kamar sawun ruwa da ya bushe. Rigar tana da maɓalli a gefe, in ta ga dama ta buɗe a ga cikin, in ba ta ga dama ba farar riga ce kawai.

Rinin ne ke wahal da ni. Lalle a auduga ba ya ba da jan da yake ba hannu, wani kore-kore yake yi mai duhu. Goro ya fi: a gurza jan goro, a jiƙa ya kwana, a fara tsoma ƙyallen a ruwan alam, sannan a tsoma gefe ɗaya kawai a bar ruwan ya hau da kansa. Inda ya tsaya nan layin ke fita. Yana koɗewa in ya sha rana, saboda haka a inuwa nake shanya. Masu goro na kasuwar Nima sun saba da ni, suna tara mini wanda ya fashe a farashi mai sauƙi.

Asabar, 17 ga Mayu

Wata baƙuwa daga wani gidan nuna zane a cikin gari ta zo shago, an ba ta labari. Ta ga rigar wuya da ta takaba, idonta ya ciko, na kuma yarda har zuciyarta ne. Sai ta ce za su so a rataye hoton fuskar kowace mace kusa da rigarta, in da tabo a nuna, don masu saye sun fi jin abin in sun ga mai shi. Ta tambayi farashi.

Na ce mata zan yi shawara, amma amsar tana bakina. Ta kawo misalin Zohra Opoku, mai zanen nan da ke zaune a Akra, wadda bayan ta yi fama da sankarar mama ta buga hotunan jikinta a kan tsofaffin ƙyallaye ta ɗinke su. Ina girmama wannan aiki ƙwarai. Amma jikinta ne, ciwonta ne, ita ta zaɓi abin da za a gani. Ni ciwon da ke hannuna amana ne. Akwai kasuwa babba ta wahalar matan Afirka, hoton yarinya da kaya a ka yana da masu saye a Turai, kuma yarinyar ba ta taɓa sanin inda fuskarta ta kwana ba. In na bi wannan hanya na zama mai ɗora mata wata dilar.

Daren nan na rubuta sharuɗɗa, na bi matan ɗaya bayan ɗaya na karanta musu. Riga ta mai labarin ce, ba tawa ba. In an sayar, da yardarta ne, kuɗin nata ne, ni in ɗauki ladan ɗinki kamar kowane ɗinki. Ba fuska, ba suna, sai wadda ta ce a sa. Kuma kowace tana iya cewa ta fasa ko ana gobe za a nuna, ba sai ta faɗi dalili ba. Mai koko ta ce ita a sa fuskarta, tana so 'yan mata masu yoyo su ga an warke. Sauran suka ce a'a.

Asabar, 21 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah mai riga ta huɗu ta zo da daddare ta ce in ba ta zanenta.

Ita ce wadda miji ke duka. Rigar ta kusa ƙarewa, mai dogon hannu ce, an tsaga hannun an ɗinke da jan zare a duk inda ta taɓa cewa in rufe mata. Ta ce atamfar yayin bikin wata 'yar'uwarsu ce, rabin unguwa sun san wa da wa suka ɗinka, dangin mijin za su gane. Na ce in sauya ƙyallen. Ta ce a'a, ko an sauya ita ta san tata ce, ba za ta iya barci ba.

Ni da 'yar koyona muka zauna da reza muka farke ɗinkin a hankali don kada zanen ya yage, na goge na naɗe mata. Na ji ciwon aikin, ba zan ɓoye ba, amma sharaɗin da na karanta mata ke nan, kuma ranar da aka zo karɓarsa ce ranar da yake da amfani.

'Yar Legon ta ba da shawara a rataye maratayi babu riga a wurin ta huɗun, mutane su gane akwai wadda tsoro ya hana. Na ƙi. A gidan nuna zane wannan zai burge, a Nima kuwa yatsa ne ake nuna ta da shi, kafin magariba an ƙirga matan da ke shiga shagona an gano ta.

Abin da na iya yi mata kaɗan ne. Na gaya mata akwai dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, doka ta 732, akwai kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU da aka ware don irin wannan, na ce duk ranar da ta shirya zan raka ta. Ta ce ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne inda za ta kwana da 'ya'ya uku washegarin ranar da ta kai ƙara. Da izninta na shigar da Magajiya cikin maganar, ita ta san dattijan da mijin ke jin nauyinsu, ta kuma ce ɗakinta a buɗe yake ko tsakar dare ne.

Laraba, 23 ga Yuli

Yau shekara biyar da kashe Akua Denteh a Kafaba, tsohuwa 'yar shekara 90 da aka yi wa duka a bainar jama'a bisa zargin maita. A Yulin 2023 majalisa ta amince da ƙudurin hukunta masu irin wannan zargi, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Har yanzu akwai tsofaffin da aka kora bisa zargin maita a Gambaga da wasu wurare a Arewa, ba su isa su koma garuruwansu ba.

Muna jin labarin kamar na nesa, alhali a lungunmu akwai Iya. Tun da jikokinta biyu suka rasu a shekara ɗaya aka daina sayen ƙuli-ƙulinta, uwaye suna janye yara in ta wuce. Ba wanda ya taɓa ta, ba kuma wanda ya faɗa a gabanta. Ita ce mai riga ta biyar. Da na je neman zanenta ta ce, "Jikata, ba kya tsoro?" Na ce, "Iya, ku ne kuka yi wa uwata wankan jego."

Rigarta ba za ta nuna ciwo ko kaɗan ba, an nuna ta da yatsa ya isa. Babbar riga ce mai faɗin hannu, zanenta a ƙirji, sauran shuɗin baba mai duhu, sannan malfa da jan rawani irin na jajin Nana Asma'u. Na nemi Magajiya ta naɗa mata da hannunta a gaban mutane, ta amsa. Malfar da na samu a kasuwa saƙar Bolga ce, ta yi mata faɗi, mai sayarwa ya ce zai sa a kawo ƙarama.

Inda aka tsaya ke nan. Ta wuya da ta takaba sun ƙare, Mma ta kawo ƙullinta cif. Farar rigar saura maɓallai da layin goro na ƙarshe. Ta Iya an yanka, ba a haɗa ba. Ta shida, ta matar da ta shekara goma sha biyu ba haihuwa, ba mu wuce hira ba. Ta kawo majanyin da ta saya tun tana amarya, sabo fil, har yanzu ba ta yanke ko za ta bari a sa masa almakashi ba, ni kuma ba zan matsa mata ba.

Wasu sun ce in kai rigunan Chale Wote, bikin nuna zane a titunan Akra, a watan Agusta. Ba bana ba. Nunin farko a Nima za a yi, a farfajiyar wata makarantar Islamiyya da mai ita ya ba mu aron wuri, mata zalla, ba ɗaukar hoto da waya. Ina neman aron benci da tanti. Ranar Asabar Iya za ta zo gwaji na farko, in kuma yarinyar Walewale ta dawo daga noman gida kafin ƙarshen Satumba, sai a sa rana.